Babi na Bakwai: Igiya da Turke

Idan ka tambayi manomi a Gwaram girman gonarsa, da wuya ya amsa maka da mita. Zai ce gonar dami arba'in ce, ko ya ce shanun huɗa suna gama ta a wuni biyu, ko ya faɗa maka kwano nawa na iri take ci. Babu kuskure a waɗannan amsoshi, kuma sun biya wa mutane buƙata tun kaka da kakanni, don kowa a garin ya san dami, ya san ƙarfin shanu, ya san wace gona ce jigawa wace ce fadama. Rigima tana tasowa ne ranar da lissafin ya fita daga hannun waɗanda suka san gonar. Takardar da ke manne a jikin robar maganin feshi ba ta san dami ba, da hekta take magana. Malamin gona da hekta yake ba da shawarar takin zamani. Mai rubuta sunayen masu neman rancen noma hekta yake tambaya. Wanda ya je sayen fuloti a Birnin Kudu ko Dutse kuwa, za a ce masa hamsin a ɗari ne, ya ƙirga kuɗi ya biya.

Abin da zai sada manomin nan da takardar jikin roba yana cikin jakar ɗansa, a littafin lissafi na aji ɗaya na ƙaramar sakandare. Tun da aka ƙaddamar da shirin ilimin bai-ɗaya na UBE a Sakkwato a 1999, aka kuma yi masa doka a 2004, shekaru uku na ƙaramar sakandare sun zama cikon shekaru tara na karatu da doka ta ce haƙƙin kowane yaro ne. Manhajar da hukumar NERDC ke tsarawa ta sa awon kewaye da na girman fili a waɗannan shekaru: murabba'i, mustaɗili, alwatika, da'ira da 'yan uwansu. Yara da yawa a Sara, Fagam, Basirka da Farin Dutse a nan karatun bokonsu yake tsayawa. Abin da suka fahimta game da awon ƙasa kafin su bar aji uku, shi za su riƙe har su yi furfura.

Yadda aka saba koyar da darasin kuwa sananne ne. Malami ya zana mustaɗili a allo, ya rubuta 8 a gefe ɗaya, 5 a ɗaya gefen, ya rubuta ƙa'ida biyu a ƙasa, ta kewaye da ta fili. Yara su kwafa, su maimaita da ƙarfi har ajin maƙwabta ya ji. Bayan mako biyu a yi gwaji, a ce su nemo girman filin. Wasu su rubuta 40, wasu 26, wasu 13. Mai 26 ba daƙiƙi ba ne. Ya haddace ƙa'idojin biyu sarai, abin da ya shige masa duhu shi ne wacce ke amsa wace tambaya. A wurinsa duk lambobi ne da ake samu idan an jujjuya 8 da 5. Babu wanda ya taɓa nuna masa cewa 26 tsawon dangar da za a kewaye wurin da ita ne, 40 kuma yawan ƙasar da ke cikin dangar.

Kada a ɗora wa yaran Gwaram laifi, ruɗun nan ya girmi makaranta. Polybius, marubucin tarihi na Girka a ƙarni na biyu kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya koka da cewa yawancin mutane da kewaye suke auna girman gari. Ya ba da misali da birane biyu. Kewayen Megalopolis ya ɗara na Sparta kaɗan, 50 da 48 a ma'auninsu, amma filin Sparta ya ninka na Megalopolis, kuma idan aka faɗa wa mutane haka sai su ƙi yarda. Proclus, wanda ya yi sharhin littafin Euclid a ƙarni na biyar miladiyya, ya kawo abin da ya fi wannan muni. Ya ce a cikin al'ummomin da ke raba ƙasa tsakaninsu an sami waɗanda suka riƙa ba abokan rabonsu filaye masu dogon kewaye da ƙaramin ciki, su ɗauki masu gajeren kewaye da babban ciki, har a riƙa yaba musu da adalci. Wannan labari ne ya sa nake ɗaukar darasin nan da nauyi. Mutumin da bai raba kewaye da fili ba, ana iya cinye haƙƙinsa yana godiya.

Maganin ruɗun ba ya cin kuɗi. Na ga wani malami a wata ƙaramar sakandare ta ƙasar Gwaram ya yi shi da igiya ɗaya, karan dawa da toka. Ya auna igiya mita 24 ya ƙulle bakinta biyu. Ya sa yara suka yanko kara huɗu, kowanne mita ɗaya, suka ɗaure su da kaba suka zama murabba'i, ma'aunin da za a riƙa azawa a ƙasa ana ƙirgawa. Sannan ya fito da ajin gaba ɗaya zuwa gindin darbejiya. Yara huɗu suka shiga cikin igiyar, kowa ya riƙe kusurwa, suka ja har kowane gefe ya zama mita 6. Sauran suka riƙa aza ma'aunin karan, su bi gefensa da toka, su ɗaga su matsa gaba. Suka ƙirga gida 36.

Malamin ya ce masu igiya su matsa, gefe biyu su zama takwas-takwas, gefe biyu huɗu-huɗu. Kafin kowa ya taɓa kara ya tambaya:

"To, filin zai ƙaru, zai ragu, ko yana nan yadda yake?"

"Yana nan, Malam!" Kusan baki ɗaya suka amsa. Wani dogo daga baya ya ƙara da cewa, "Ai ba a yanke igiyar ba."

"Madalla. Ku auna mu gani."

Suka sami 32. Suka ce kuskure aka yi, suka share tokar da ƙafa suka sake. 32 ɗin dai suka sake samu. Wata yarinya ta dubi ƙasa, ta dubi igiyar, ta ce, "Malam, to ina huɗun suka tafi?" Bai ba ta amsa ba. Ya ce a ja igiyar ta zama 10 a 2, suka sami 20. Aka sake ja ta zama 11 a 1, ya rage gida 11, wani siririn lungu da mutum biyu ba za su jera a ciki ba sai da ƙyar. A nan babu wanda ya sake kafa hujja da igiyar. Tun a awo na uku kuma yarinyar nan ta daina aza kara a ko'ina. Ta ƙirga gidajen layi ɗaya, ta ƙirga layuka nawa ne, ta ninka. Da aka koma aji malamin ya rubuta "tsawo sau faɗi" a allo, kuma bai ƙara komai ba a kan abin da ta riga ta yi da hannunta.

Abin da ya fi muhimmanci a wannan darasi shi ne ma'aunin karan, kuma shi ne aka fi tsallakewa. Yaro ya san mita domin ya ga tef a hannun tela da magini. Murabba'in mita kuwa bai taɓa ganinsa ba, sai dai ya ga ɗan ƙaramin 2 da ake ɗora wa harafi a sama, wanda malami ke rage maki idan an manta shi. Ranar da ya ɗauki murabba'in mita a hannunsa, ya tsaya a cikinsa, ya ga yara nawa za su iya cunkusuwa ciki, daga ranar ya san cewa tsawo da igiya ake auna shi, fili kuma da wani ƙaramin fili ake auna shi. Ra'ayina shi ne kada a rubuta wa yaro ƙa'idar fili ko ɗaya kafin ya yi wannan ƙirga da kansa har ya gaji, ya fara neman gajeriyar hanya.

Daga nan sai a kai su fuloti. Hamsin a ɗari da ƙafa ake nufi: kewaye ƙafa 300, fili murabba'in ƙafa 5,000, kimanin murabba'in mita 465. Bulo ɗaya tsawonsa inci 18 ne, ƙafa ɗaya da rabi, don haka kowane layi na katanga zai ci bulo wajen 200 kafin a cire ƙofa. Yaron da ubansa magini ne zai iya tabbatar da wannan a gida da daddare. Sai a tambaye su ɗari a ɗari fa? Katangar ƙafa 400 ce, ƙarin kashi ɗaya cikin uku kawai, amma filin ya ninka. A sake tambaya, hamsin a hamsin nawa ke cikin ɗari a ɗari? Yawancinsu za su ce biyu, kuma na ji manya ma sun faɗi haka. Huɗu ne. Hekta kuwa mita 100 a mita 100 ce, murabba'in mita 10,000, fuloti 21 da ɗoriya idan ba a fitar da hanya ba. Eka murabba'in mita 4,047 ce, wato hekta ɗaya ta kusa eka biyu da rabi. Wanda ya ɗauki eka a matsayin hekta ya zuba mata maganin hekta, ya zuba fiye da ninkin abin da ake so. Masanan Bankin Duniya sun gwada abin da manoma ke faɗa da abin da na'urar GPS ta auna a ƙasashen Afirka da dama, suka tarar masu ƙananan gonaki sukan ɗauka gonarsu ta fi ainihin girmanta, masu manya kuma su ɗauka ba ta kai ba. Kuɗin magani da na takin zamani yana tafiya a wannan giɓi.

Awon gona da lamba ba baƙon abu ba ne a wannan yanki. Kafin a yanke Jihar Jigawa daga Kano a 1991, Gwaram da Birnin Kudu gundumomi ne na ƙasar Kano, kuma a ƙasar Kano ne, 'yan shekaru bayan Turawa sun ci birnin a 1903, aka shigo da tsarin yanka haraji bisa girman gona. Malaman taki su ne ma'aikatan da ke bin gonaki suna ƙirga takun ƙafarsu a tsawo da faɗi, a fitar da eka, a yanka kuɗi. Kowa zai iya hango raunin tsarin. Takun dogo ba ɗaya yake da na gajere ba, kuma mai awo idan ya buɗe ƙafa gona ta ƙanƙance, idan ya tsuke ta girma. Manomin da ba zai iya sake awon da kansa ba, sai abin da aka rubuta masa.

Akwai kuma matsala ta biyu, wadda littafin aji ba ya so ya taɓa. Gonar gaske ba kasafai take zuwa da kusurwa a miƙe ba. Tana bin hanyar shanu, tana kauce wa kwari, tana karkata inda kakanni suka yi sulhu a kan iyaka. Hanyar da mai awo da ƙafa ya fi saurin bi ita ce ya haɗa gefe biyu masu fuskantar juna ya raba biyu, ya yi wa sauran biyun haka, ya ninka. Tsohuwar hanya ce, har a bangon haikalin Edfu na Masar an rubuta awon filaye da ita. Aibinta shi ne ba ta taɓa ragewa, kullum ƙari take yi, sai fa idan gonar cikakken mustaɗili ce. Ɗauki gona mai gefe huɗu, kowanne mita 50, amma ta karkata har tazarar da ke tsakanin gefen gaba da na baya, idan an miƙe sak, mita 40 ce. Wannan hanya za ta ba ka 2,500. Gaskiyar filin 2,000 ne. Idan sayarwa ake yi, mai saye ya biya kuɗin ƙasar da babu ita.

A rabon gado ne abin ya fi zafi. A ce gona ce mai faɗin mita 60 a bakin hanya, ta tafi tana tsukewa har ta koma mita 40 a baya, zurfinta mita 100, za a raba ta tsakanin 'yan uwa maza biyu. Dattawa su taka mita 50 daga hanya su kafa turke, su ce kowa ya sami rabi. Na gaba ya sami murabba'in mita 2,750, na baya 2,250. Bambancin 500 ne, ya fi fuloti guda. Babu wanda ya yi niyyar zalunci, amma an yi shi, kuma sai bayan kaka biyu ko uku za a fara ƙorafin cewa gonar wane ta fi ba da dami. Shari'a ta fayyace kason kowa, namiji ninkin na mace a tsakanin 'ya'ya, sai dai kaso ba ya sauka ƙasa daidai idan babu mai iya auna fili. Malaman farko sun san haka. Littafin aljabara da Muhammad bin Musa al-Khwarizmi ya rubuta a Bagadaza wajen 820 yana da babi a kan awon filaye, kuma sashensa mafi tsawo a kan lissafin wasiyya da gado yake.

Mabuɗin gona mai karkata shi ne alwatika. A ba yara kwali mai siffar mustaɗili su yanka shi daga kusurwa zuwa kusurwa, su ɗora ɓari ɗaya a kan ɗaya, su ga sun yi daidai. Daga nan suka san filin alwatika rabin gindi sau tsayi ne, kuma sun san daga ina rabin ya fito. Kowace gona mai miƙaƙƙun gefuna, komai yawansu, ana iya ratsa ta da igiya daga kusurwa zuwa kusurwa ta rabu zuwa alwatikai, a auna kowanne a tara. Inda yara ke tuntuɓe shi ne tsayi, don sukan ɗauki gefen da ya karkata su kira shi tsayi. Dole tsayi ya sauka a kan gindi sak. Magina suna da dabarar fitar da wannan kusurwa: igiya mai ƙulli a tazara 12 daidai wa daida, a ja ta ta zama alwatika mai gefe 3, 4 da 5, kusurwar da ke tsakanin 3 da 4 ita ce ta ginin ɗaki. Yara uku da igiya sun isa.

Da'ira kuwa ita ce siffar da yaron karkara ya fi sani, ita kuma aka fi tsorata shi da ita. Bakin rijiya, gindin rumbu, faifai, murfin tukunya, duk yana ganinsu kullum. Ya ga magini ya kafa turke ya ɗaura igiya ya zagaya yana jan layi a ƙasa kafin a fara ɗakin kago. Ya ga inda akuya ta cinye ciyawa kewaye da turkenta ta bar zagaye tas. Amma a aji da wani baƙon harafi ake fara masa, a ce sunansa fai, a ce 22 bisa 7 ne, ya haddace.

Ni da hula zan fara. Mai sayar da hula a kasuwar Sara lambar kanka yake tambaya, 21 ko 22 ko 23, kuma wannan lamba kewayen kai ce da inci. A ɗauki hula mai lamba 22, a buɗe bakinta ya zama zagaye sosai, a auna daga gefe zuwa gefe ta tsakiya. Inci 7 za a samu, ko kusa da haka ƙwarai. Ga 22, ga 7, a kan uban kowane yaro. Daga nan a raba su rukuni-rukuni, a ba su zare da tef ɗin tela, su auna kewaye da faɗin duk wani abu mai zagaye da suka samu: bakin bokiti, gwangwanin madara, tayar keke, tire, faifai. Kowane rukuni ya raba kewaye da faɗi, a jera amsoshin a allo. Za a ga 3.1, 3.2, 3.0, 3.15. Kada malami ya goge su ya rubuta 3.14, domin wannan ɗan saɓani shi ne darasin: abubuwan sun bambanta a girma nesa ba kusa ba, amma amsar kowa uku ce da 'yan kai. Idan wani rukuni ya kawo 4, a tura su su sake, galibi za a tarar ba su ratsa ta tsakiya ba wajen auna faɗi.

Sai bayan haka labarin lambar zai yi musu daɗi. Arkimidis na Sisili, wanda ya rasu a 212 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya zana siffa mai gefe 96 a cikin da'ira da wata a wajenta, ya nuna cewa lambar tana tsakanin 3 da 10 bisa 71 da kuma 3 da 1 bisa 7. Wannan na biyun shi ne 22 bisa 7 ɗinmu, kuma shi kansa ya san ta ɗan ɗara gaskiya. Al-Khwarizmi ya kawo ta a littafinsa tare da wata da ta fi ta kusa, 3.1416. Jamshid al-Kashi a Samarƙand, a 1424, ya kai lissafin gurbi 16 bayan ɗigo. A shekarun 1760 Johann Lambert ya tabbatar da cewa babu wasu cikakkun lambobi biyu da za a raba ɗaya da ɗaya su ba da ita cif. Ya kamata yara su ji wannan, don da yawa suna fita sakandare suna ɗauka 22 bisa 7 ita ce lambar kanta. Ya kamata kuma su ji cewa kuskurenta ƙanƙane ne: a da'ira mai faɗin mita 100, bai wuce santimita 13 a kewaye ba. Ga maginin rijiya da mai ɗinkin hula, ta wadatar.

Filin da'ira ma da almakashi ake gane shi. A yanko da'ira ta kwali mai faɗin santimita 14, a tsaga ta daga tsakiya gida 16, a jera tsagin a kan tebur, ɗaya kai sama ɗaya kai ƙasa. Abin da zai fito ya kusa zama mustaɗili. Tsawonsa rabin kewaye ne, 22, don rabin bakin da'irar yana sama rabi yana ƙasa. Tsayinsa rabin faɗin da'irar ne, 7. Tsawo sau faɗi, 154. Yaron da ya jera wannan da hannunsa ya ga yadda kewaye ya shiga cikin lissafin fili, ya kuma ga dalilin da ya sa amsoshin biyu ba za su taɓa zama abu ɗaya ba. Misirawa suna da tasu dabarar. A takardar da magatakarda Ahmes ya kwafa fiye da shekara 3,500 da suka wuce, wadda mafi yawanta ke gidan tarihi na Birtaniya a Landan, akwai tambaya a kan gona mai zagaye mai faɗi 9. Suka cire kashi ɗaya cikin tara na faɗin, ya rage 8, suka ninka shi da kansa, 64. Amsar zamani 63.6 ce. Yara suna son a ba su wannan su gwada ta da tasu.

Amfanin wannan yana bakin kogi. Mai noman rani a fadamar Gwaram da ke shawarar sayen injin ban ruwa, mai inci biyu ko mai inci uku, zai iya ɗauka bambancin rabi ne kawai. Bakin bututun da'ira ne, kuma filin na inci uku ya ninka na inci biyu har da kwata a kai, sau 2.25, ko da yake yawan ruwan da zai fito ya danganta da ƙarfin injin ma. Haka akuya: igiya mita 2 tana ba ta ciyawar murabba'in mita 12 da rabi, a ƙara igiyar ta zama mita 4 ta sami 50. Ninka faɗi sau biyu, fili ya ninku sau huɗu. Igiyar nan ta mita 24 kuma, idan ajin duka suka riƙe ta suka ja ta zama zagaye, za ta kewaye kusan murabba'in mita 46, fiye da 36 na murabba'i. Babu siffar da ta kai da'ira ɗaukar ciki da ɗan bango kaɗan, kuma mai rumbu yana cin wannan riba duk shekara. Idan wani yaro ya tambaya me ya sa ba a yin gonaki zagaye, a bar ajin su zana da'irori a jere su ga ƙasar da ke zubewa a tsakaninsu.

Na san abin da malamai za su ce, don na ji shi ba sau ɗaya ba. Darasi minti arba'in ne, ajin ya cika har wasu na zaune a ƙasa, manhaja tana da tsawo, jarrabawar aji uku kuma ba ta tambayar igiya. Duk gaskiya ne. Amma yawan yara a fili taimako ne, don ana buƙatar masu riƙe kusurwa, masu aza kara, masu toka, masu rubutu. Lokacin da aka kashe a waje kuma ana fanshe shi daga baya, tunda ba sai an sake koyar da ƙa'ida ɗaya a aji biyu da aji uku ga yaran da suka manta ta ba. Batun harshe ma a sauƙaƙe shi. Jarrabawa da Turanci take zuwa, don haka dole yaro ya san kalmomin Turancin, amma gardamar da ake yi a gindin darbejiya a bar ta ta gudana da Hausa, ko da Fulatanci idan shi ne ya fi sauƙi a bakin yaron. Zan so in ga kowane ɗalibi a Kwalejin Ilimi ta Gumel da zai koyar da lissafi ya yi wannan darasi da ƙafarsa kafin a ba shi takardar shaida.

A kula da 'yan mata musamman, kada a bar su da rubutu kawai maza su riƙe igiya. Mace tana da kaso a gonar mahaifinta, amma ranar awo sau da yawa tana cikin gida, sai abin da 'yan uwanta maza suka zo suka faɗa mata. Yarinyar da ta iya tambayar tsawo nawa, faɗi nawa, ta ina aka auna, ta tsare wa kanta da 'ya'yanta abu mai yawa.

Aikin gida na ƙarshe shi ne kowane yaro ya san takunsa. A auna mita 50 a filin makaranta da tef, kowa ya taka ta da tafiyarsa ta kullum sau uku, ya ɗauki tsaka-tsaki. Wanda ya yi taku 70, takunsa santimita 71 ne. Da wannan zai je gonar gidansu ranar Asabar, ya nemi izinin babansa, ya zana siffarta a takarda, ya raba ta alwatikai, ya fitar da murabba'in mita, ya mayar hekta. Idan masara za a shuka da tazarar santimita 75 tsakanin kunya da kunya, 25 tsakanin tushe da tushe, hekta ɗaya tana ɗaukar tushe 53,333, don haka zai iya faɗin tushe nawa gonar za ta ɗauka da yawan maganin da takardar jikin roba ke nufi ga wannan gona. Ya rubuta a gefe dami nawa baban ya ce tana bayarwa. Idan yara arba'in suka kawo wannan, ajin zai iya fitar da dami nawa hekta ke bayarwa a jigawar garinsu da kuma a fadama, lissafin da ba a buga shi a kowane littafi ba. Yawan hatsin da rumbu zai ɗauka bayan an sussuke waɗannan damman yana buƙatar awo na uku, wato zurfi, kuma shi ne aikin babi na gaba.